Akwatin renon dashe: abin da ya kamata ku sani kafin ku ɗauki guduma

A ƙasashen da sanyi ke daskarar da ƙasa, irin su Ingila, Jamus, Kanada da arewacin Amurka, lokacin noman lambu gajere ne. A yawancin sassan Ingila, mai lambu ba ya sakankancewa cewa raɓa ta daina daskarewa da dare sai tsakiyar watan Mayu ko ƙarshensa, alhali dare ɗaya na irin wannan sanyi ya isa ya hallaka tumatir da tattasai. In ya ce sai gari ya yi ɗumi zai zuba iri, sanyin kaka zai riske shi kafin amfanin ya nuna. Dabarar da suka daɗe da ita kuwa mai sauƙi ce: akwati mara gindi, a aje shi a kan ƙasa, a rufe shi da murfin gilashi ko na farar leda wadda haske ke ratsawa. Ba wuta, ba lantarki, ba injin komai. Rana ce kaɗai ke ɗumama shi.

Tsohuwar dabara ce. Marubucin Rum, Filini, ya ba da labarin yadda masu lambun Sarki Tibariyas, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37 miladiyya, ke noma masa kokwamba a cikin akwatuna masu ƙafa, su tura su rana da safe, in sanyi ya tsananta su rufe su da wani dutse mai shara-shara. A ƙarni na 19 kuwa masu lambun birnin Paris sun kai abin ƙololuwa. Suna shimfiɗa kashin dawaki a ƙarƙashin akwatunan gilashi, zafin ruɓewarsa ya ɗumama ƙasa, su fitar da latas a tsakiyar sanyi har su sayar wa mutanen Landan. Wanda za mu yi magana a kansa shi ne mai sauƙin, wanda ba a sa masa taki don ɗumi.

Yadda yake aiki kowa ya san shi, ko da bai taɓa ganin akwatin ba. Wanda ya taɓa buɗe motar da aka bari a rana da gilasanta a rufe ya ji abin da ke faruwa. Haske ya shiga ya gasa abin da ke ciki, iskar da ta yi zafi kuma ba ta da mafita. A akwatin reno ƙasa ce ke shan zafin da rana, ta riƙa sakinsa a hankali da dare, murfin kuma ya hana iska kwashe shi. Ribar da ake samu da dare ba ta da yawa, kamar digiri 3 zuwa 5 ne sama da na waje. Amma da rana tsaka, ko da waje digiri 10 ne, cikin akwatin da aka rufe ruf zai iya wuce digiri 30. A riƙe waɗannan lambobi biyu, domin kusan duk abin da zai biyo baya daga gare su ya fito.

Ina ruwanmu da shi?

Tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya. Ga Bahaushen da ke zaune a Manchesta ko Toronto ko Niyok, mai ɗan fili a bayan gida yana marmarin attaruhu da alayyahu na hannunsa, wannan akwati kusan dole ne. Ga mai lambu a Kano ko Zariya ko Maraɗi kuwa, amfaninsa na 'yan makonni ne kawai, daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu, kuma ba ga kowane iri ba. Da daren hunturu zafi kan sauka zuwa wajen digiri 13 a Kano, wasu dararen ma ya yi ƙasa da 10. A Jos, inda tudun ya haura mita 1,200, sanyin ya fi haka, a duwatsun Ayar na jihar Agadas kuwa har ruwa kan daskare.

Masu noman rani sun daɗe da lura cewa attaruhun da aka zuba a tsakiyar hunturu yana nawar fitowa, har mutum ya fara zargin mai sayar da iri. Sau da yawa irin ba shi da laifi. Awon da aka yi a jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa irin tumatir kan tsiro cikin kwana 6 in ƙasa tana digiri 25, kwana 14 a digiri 15, a digiri 10 kuwa sai ya haura kwana 40. Dangin barkono sun fi shi son ɗumi: kwana 8 a digiri 25, kwana 25 a digiri 15. Iri kuma in ya daɗe a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi, ruɓewa yake yi. To a nan ne ƙarin digiri huɗu da dare ke da daraja. Latas, kabeji, albasa da karas kuwa, sanyin hunturu abincinsu ne a ƙasarmu. Wanda ya rufe su cikin akwati a Kano ya wahalar da kansa a banza, irin latas ma ƙin tsirowa yake yi in ƙasa ta kai wajen digiri 30.

Murfi tukuna

Kuskuren da sabon hannu ya fi yi shi ne ya haɗa akwati sannan ya shiga neman murfin da zai dace. A fara da murfi. Katako yana yankuwa yadda aka so, tsohuwar taga kuwa ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. In ka samu tsohuwar tagar gilashi mai firam, ka auna ta, akwatin ya bi awonta. Sai dai a duba fentin jikinta. Tsofaffin tagogi da yawa an shafe su da fenti mai dalma, wanda Amurka ba ta hana amfani da shi a gidaje ba sai 1978, kuma duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai so ɓawon irin wannan fenti ya riƙa zuba cikin ƙasar da zai ci daga gare ta ba. In fentin yana ɓarewa kuma ba ka san asalinsa ba, ka bar tagar.

Gilashi ya fi komai barin haske ya wuce, kuma yana daɗewa, amma yana da nauyi, yana fashewa. A gidan da yara ke guje-guje ni ba zan ba da shawararsa ba. Akwai farantin roba mai ruɓi biyu da ake rufin rumfa da shi, wanda ya fi gilashi riƙe ɗumi saboda iskar da ke tsakanin ruɓin, ga shi ba nauyi. Mafi araha kuwa ita ce farar leda mai kauri, a ɗame ta a kan firam ɗin siraran katako. Ledar kasuwa rana kan cinye ta cikin 'yan watanni ta fara kekkecewa, amma ga wanda zai yi amfani da ita hunturu ɗaya, ta wadatar. In za a buga ta, a naɗe bakinta a jikin siririn katako sannan a buga ƙusa ta cikinsa. Ƙusar da aka buga wa leda kai tsaye, iskar farko ce za ta yage wurin.

Ga wanda zai yi murfinsa da kansa, awon da ya fi sauƙi shi ne ƙafa 4 a tsawo, ƙafa 2 a faɗi, wato kamar santimita 120 da 60. Dalili biyu ne. Hannu zai kai kowane lungu ba tare da an taka ciki ba, sannan falanki ɗaya mai ƙafa 12, irin wanda ake sayarwa a kasuwar katako, shi ke nan ya ba da bango huɗu: biyu masu ƙafa 4, biyu masu ƙafa 2. Faɗin falankin, inci 12, shi ne tsayin akwatin.

Sauran aikin shi ne karkata murfi, domin ruwa ya gangare, hasken rana kuma ya faɗa ciki sosai. A nan akwai wata dabarar kafintoci da ke rage wahala. A nemi wani katako mai faɗin inci 6, tsawon ƙafa 6. A yanke ƙafa 4 a ɗora a kan bangon baya, ya zama inci 18. Ragowar ƙafa 2 ɗin a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a bi layin da zarto. Za a samu gutsure biyu masu kai ɗaya da faɗi, ɗaya kuma da tsini, iri ɗaya sak, a ɗora kowanne a kan bangon gefe, faɗin yana baya, tsinin yana gaba. Yanka ɗaya ya ba da gefe biyu, kuma ba yadda za a yi ɗaya ya fi ɗaya tudu. A kowace kusurwa ta ciki a tsayar da guntun katako mai inci biyu-biyu, a buga bangayen a jikinsa, domin ƙusar da aka buga a goshin falanki ba ta riƙo. Ƙusa mai murɗi ta fi ta guduma, don katakon da ke jiƙa yana bushewa yakan tofar da ƙusa a hankali. Murfin ya ɗan zarce akwatin da inci ɗaya ta gaba da gefe, a haɗa shi da bangon baya da irin ƙarfen da ake rataya ƙofa da shi, guda biyu. Wanda bai samu ba ya yanko tsohuwar taya ya buga, tana yi.

Katakon da aka jiƙa da maganin hana ruɓewa mai ƙarfi, kamar na layin dogo da turakun waya, a guje shi. Haka nan baƙin man inji da wasu ke shafa wa katako saboda gara. In gara ta dame ka, ka jera bulo ko jan birki a ƙasa ka ɗora akwatin a kai. Wanda ma ba ya son aikin kafinta gaba ɗaya zai iya jera bulo layi biyu a baya, layi ɗaya a gaba, ya cike gefe da tubali ko laka, ya ɗora murfi. Bangon laka ya fi katako riƙe ɗumi, illarsa kawai ba ya ɗaukuwa.

Wurin ajiyewa kuwa, bangon gaba, wato gajeren, ya dubi kudu. A Landan, tsakar ranar Disamba, rana ba ta ɗagowa sama da digiri 15 daga doron ƙasa, saboda haka karkatar murfin da fuskantar kudu ba abin wasa ba ne a can, har wasu kan rage bangon gaba zuwa inci 8 don kada ya yi wa layin farko inuwa. A Kano a wannan lokaci rana tana wajen digiri 55, ita ma ta kudu, don haka ko an ɗan kauce ba asara. Wanda ke kudu da tsakiyar duniya, kamar Afirka ta Kudu, sai ya juya shi arewa. A samu wurin da ruwa ba ya kwanciya, da katanga ko danga a baya don tare iska. A ƙasarmu iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, to katangar da ke arewa da akwatin ta yi aiki biyu: ta tare iska, ba ta tare rana ba. Kuma ya kasance kusa da ƙofar ɗaki. Za a ga dalili.

Buɗewa da rufewa

Haɗa akwatin aikin yini ɗaya ne, ko rabin yini ga mai hannu. Abin da ke raba wanda zai samu dashe da wanda zai samu dafaffen ganye shi ne abin da ya biyo baya. Sabon mai lambu tsoron sanyi yake yi, don shi ya sa ya gina akwatin, sai ya rufe ruf ya tafi harkarsa. Amma tsiron da zafi ke kashewa a cikin akwatin nan ya fi wanda sanyi ke kashewa. Sanyi yakan tsayar da girma, ya sa ganye ya yi shuɗi-shuɗi, sau da yawa kuma tsiron ya farfaɗo. Zafi ba ya ba da wannan dama. Sa'a biyu na rana mai ƙarfi a kan rufaffen gilashi sun isa mutum ya dawo ya tarar da komai ya kwanta.

Saboda haka kafin a zuba iri a tanadi sandar tokare murfi, a yi mata tsaga uku ko huɗu kamar matakala, yadda za a iya ɗaga murfin inci biyu, ko inci shida, ko a wangale shi. A sayi ɗan ma'aunin zafi a rataye a ciki, a inda rana ba ta dukansa kai tsaye, in ba haka ba zai faɗi abin da ba shi ne ba. A ƙasashen sanyi ƙa'idar da ake bi ita ce: in rana ta fito kuma waje ya kai kamar digiri 5, a ɗan ɗaga, in ya haura 10, a buɗe sosai. Latas da kabeji ba sa son cikin ya wuce digiri 24. Tumatir da barkono suna jure har wajen 30. Da yamma a rufe tun rana ba ta faɗi ba, don a kama ɗumin da ƙasa ta tara. Wanda ya bari sai bayan magariba ya rufe sanyi ne a ciki.

A ƙasar Hausa lissafin ya fi haka tsanani, domin ranar da darenta ya yi digiri 12, azaharta kan kai 30. Ma'ana, akwatin a nan rufin dare ne kawai. Da hantsi a ɗage murfin gaba ɗaya, bayan la'asar a mayar. Kafin iri ya tsiro ana iya ɗan jinkirta buɗewar don ƙasa ta yi ɗumi, amma da zarar kore ya leƙo, babu sauran jinkiri. Ranar da za ka fita da sassafe ba ka san lokacin dawowa ba, ka bar shi a tokare. Gara ya kwana da ɗan sanyi. A Turai ana sayar da wani ƙarfe mai kakin zuma ko makamancinsa a ciki, in ya ji zafi ya kumbura ya tura murfin sama, in ya huce ya sauke shi, ba batir ba waya. Ga ma'aikacin da ke fita tun asuba, kuɗinsa bai tafi a banza ba.

Murfin da aka tokare kuma abin wasan iska ne. A ɗaga ɓangaren da ba ya fuskantar iskar, a ɗaure shi da igiya ko waya a jikin akwatin. Ƙurar hunturu ita ma takan lulluɓe gilashi cikin kwana biyu ta rage haske, sai tsiro ya riƙa miƙewa siriri yana neman rana. A riƙa gogewa.

In an ji daren zai yi tsanani, a shimfiɗa tsohon bargo ko buhun algarara ko tabarma a kan murfin, domin ta nan yawancin ɗumin ke gudu, a kuma cire da safe. Robobin ruwa da aka cika aka jera a jikin bangon baya su ma suna taimakawa, musamman in baƙaƙe ne, don ruwa ya fi ƙasa riƙe zafi. Amma kada a ɗora wa akwatin abin da ba zai iya ba. Daren da waje ya sauka digiri 6 ko 7 ƙasa da sifiri, tumatir ba zai tsira a ciki ba ko an lulluɓe. Shi ya sa a Ingila ake zuba irin tumatir a cikin ɗaki, a bakin taga, a watan Maris ko Afrilu, sai Mayu a fito da shi akwatin.

Batun ƙasa da ruwa ba shi da tsawo. Ko a zuba iri kai tsaye a cikin akwatin, ko a jera tukwane da gwangwanaye masu huji a gindi, wanda ya fi sauƙin ɗauka. Haɗin da ba ya ba da kunya shi ne kashi biyu na ƙasar sama, kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sarai, kashi ɗaya na yashi. Ɗanyen taki ƙona tsiro yake yi. Irin tumatir da na barkono ba sa son zurfin da ya wuce santimita ɗaya, a layi-layi, tsakanin layi da layi kamar faɗin tafin hannu. Ban-ruwa da safe, da buta mai ƙananan huji, kuma sai an taɓa ƙasa an ji ta fara shan iska. Rufaffen akwati ba ya bushewa da wuri, mai ba shi ruwa safe da yamma kamar fangalin fili zai jawo wa kansa cutar da ta fi kowace ɓarna a wurin reno: tsiro ya tsuke a daidai bakin ƙasa, ya yi baƙi, ya faɗi. Ƙwayoyin funfuna da ke cikin ƙasa ne ke kawo ta, kuma danshi da cunkoso da rashin iska ne ke ba su ƙarfi. Wanda ya faɗi ba ya tashi. A cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi, a rage ruwa, a ƙara buɗe murfi, a tsinke tsiron da ya yi yawa.

Tsiron da ya tashi a cikin kariya jikinsa taushi ne, in aka kai shi fili rana ɗaya iska da rana za su ƙone shi. Mako ɗaya zuwa kwana 10 kafin dashe, a fara saba masa: kullum a ƙara tsawon lokacin da murfi ke buɗe, a ɗan rage ruwa, dare biyu ko uku na ƙarshe a bar shi ya kwana a buɗe in gari ya yi sauƙi. A ƙasashen sanyi mutane da yawa don wannan aiki kaɗai suke gina akwatin. Tumatir kan isa dashe in ya yi ganyen gaskiya huɗu ko biyar, ban da biyun da ya tsiro da su, a wurinmu bayan mako uku zuwa huɗu, attaruhu kuwa sai ya kai mako shida ko fiye. A shayar da su sosai kafin a cire, a dasa da yamma.

Bayan hunturu ya wuce, akwatin bai zama tarkace ba. A cire murfin gilashin a sa na raga mai ƙananan ido, sai ya tsare tsiro daga kaji da ƙadangaru, da farin ƙudan nan da ke sa ganyen tumatir ya nannaɗe ya yi rawaya. Da damina kuma a ɗaga murfin a kan sanduna huɗu, iska na wucewa ta ƙasa, ya hana ruwan sama mai ƙarfi tone iri. Duk lokacin da aka gama zagaye ɗaya, a kwashe ƙasar cikin a zuba sabuwa. Tumatir, tattasai, attaruhu da gauta dangi ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya tana jiran sauran a cikin tsohuwar ƙasar.